Jadawalin Da Muka Yanka Da Almakashi: Yadda Muka Gwada Shafin Lissafin Wani Dillalin Albasa A Kan Takarda

Aikin da aka ba mu, a baki dai, ba shi da yawa. Wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wanda muke kira Alhaji, aminin mahaifina tun suna samari a Agege, yana so littafin lissafinsa ya koma intanet. Shekara da shekaru a dogon littafi mai bangon kwali ake rubuta komai: motar wane ta iso daga Aliero ko Sakkwato, buhu nawa ta sauke, nawa aka sayar, nawa aka cire na mota da dako da la'ada, nawa ya rage a tura wa mai kaya. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, shi ya tura mafi yawan cinikinsa zuwa tiransifa. Tun daga nan littafi da asusu suka daina jituwa. Alat na shigowa a wayar Alhaji, littafi na kwance a shago, masu kaya kuma suna can Arewa suna bugo waya safe da yamma suna tambayar ina aka kwana.

Mu uku muka ɗauki aikin. Ni ne mai zana fasalin shafi, abokina da muke aiki tare a Yaba shi ne mai rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta gina shafin, sai ɗan ƙanwar Alhaji, wanda shi ne akawun da ke riƙe da littafin. Tun farko muka yanke cewa shafin intanet za a yi, ba manhajar da sai an sauke a waya ba. Wayoyin da ke hannun mutanenmu a kasuwa, irin su Tecno da Itel da Infinix, yawanci hotuna da saƙonnin murya sun cika su, kuma mai kaya da ke Aliero ba zai sauke manhaja don ya duba lissafin mota ɗaya ba. Amma in aka tura masa mahaɗi ta WhatsApp zai taɓa.

To, a nan gizo ke saƙar. Shafi ɗaya ne, amma akawu zai buɗe shi da daddare a laftof, Alhaji zai buɗe shi da asuba a waya yana tsaye bakin tirela, mai kaya kuma zai buɗe shi a wayar da ba mu taɓa gani ba.

Maganin wannan ba sabo ba ne. A watan Mayun 2010 wani mai zana shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya fitar da wani rubutu a mujallar intanet ta A List Apart inda ya bayyana yadda za a gina shafi mai miƙewa da tsukewa daidai da faɗin fuskar na'ura. Abu uku ya haɗa: a auna faɗin sassan shafi da kaso cikin ɗari maimakon ƙayyadadden awo, hotuna su riƙa bin faɗin mazauninsu, sannan a sa wa burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, sharuɗɗa cewa in faɗi ya kai kaza, tsari ya sauya zuwa kaza. Kafin shi, a 2009, Luke Wroblewski ya riga ya fara kira da a riƙa fara zane daga waya, a hau zuwa kwamfuta. Duk mun san wannan, mun karanta. Amma da yake akawu ne ke zuwa wurinmu, kuma da laftof yake zuwa, sai na wayi gari na zana masa jadawali mai gida bakwai, fes, da launi da inuwa, na matse shi ya shiga waya, na ɗauka na kai wa Alhaji.

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya ce, "Ma sha Allah, ɗana, ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Ya miƙo mini. Shi ke nan. Na ce, "Baba Alhaji, babu abin da kuke so a gyara?" Ya ce ai ku ne masana.

A danfo, hanyar komawa, na gane ban samo komai ba. Dattijon da ya san ka tun kana rarrafe ba zai kushe abin da ya ga alamar ka kwana kana wahala a kansa ba, kara ba za ta bar shi ba. Kuma abin da ya yi kama da gamamme, mutum ba ya ganin yana da hurumin taɓa shi. Shi ya sa muka ajiye kwamfuta muka koma takarda.

Kayan aiki da yadda ake wasan

Gwada fasalin manhaja a kan takarda tsohuwar dabara ce, kamfanonin kwamfuta sun daɗe suna yi. A 1994 Marc Rettig ya rubuta bayanin yadda ake gudanar da ita a mujallar Communications of the ACM, kuma tsarin bai sauya sosai ba har yau. Mutum ɗaya ne ke ba da aiki yana tambaya. Wani ya zama kwamfuta: in mai gwaji ya taɓa wani wuri da yatsa, shi zai ɗauke takarda ya ajiye wadda ya kamata ta fito. Na uku yana gefe yana rubuta abin da ya gani. An ma san labarin Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƙaramar na'urar Palm Pilot, da ya riƙa yawo da guntun katako a aljihun rigarsa yana yi kamar na'urar ce, don ya ga ko girmanta zai dame shi.

Mun sayi takardar A4, maka baƙa mai kaurin baki, almakashi, salatif, da littafin lissafi irin na 'yan makaranta mai gida-gida. Kwalin taliya muka samu a shago, muka ɗora wayar Alhaji a kai muka zagaye fuskarta da biro, muka yanke tsakiyar. Taga ta fito, faɗinta bai kai santimita 7 ba. Duk abin da za a gani a waya sai ya bi ta wannan taga, in shafi ya fi ta tsawo sai a ja takardar ta ƙasa, kamar yadda ake jan fuskar waya.

Dalilin maka mai kauri shi ne kuskuren da na fara yi. Da biro na yi zanen farko, kuma rubutuna ƙanana ne, sai ga shi na cusa layi ashirin a tagar da waya ta gaskiya ba za ta ɗauki rabinsu ba. Takarda ba ta musu, duk abin da ka rubuta za ta karɓa. Maka ce ta hana ni ha'inci.

Sai muka zana jadawalin akawu a takardar A4 a kwance: sunan mai kaya, ranar isowa, yawan buhu, wanda aka sayar, kuɗin mota da dako, la'ada, saura. Muka sa almakashi muka tsaga shi gida-gida, tsiri bakwai. A kan A4 duka bakwai sun zauna lafiya. Da muka ɗora taga, biyu da rabi kawai suka leƙo. Wannan shi ne ainihin matsalar aikin gaba ɗaya, kuma sai a lokacin muka gan ta da ido.

Hanya uku muka shirya. Ta farko, a bar jadawali yadda yake, mutum ya riƙa jan sa gefe. Ta biyu, a nuna gida uku, a ɓoye sauran a bayan alamar nan ta layi uku da ake gani a kusurwar manhajoji. Ta uku, a rushe jadawalin, kowane mai kaya ya zama kati guda, bayanansa a jere daga sama zuwa ƙasa.

Game da yawan mutanen gwaji, akwai sanannen ƙiyasin Jakob Nielsen na shekarar 2000, cewa mutum biyar kan isa a gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi. Abin da masu kawo wannan magana kan manta shi ne, shi kansa ya ce in masu amfani rukuni-rukuni ne, kowane rukuni na buƙatar nasa mutanen. Mu rukuni uku gare mu, sai muka nemi mutum uku-uku: Alhaji da dillalai biyu maƙwabtansa, akawu da wasu yaran shago biyu masu riƙe littafi, da masu kaya uku da suka biyo motocinsu zuwa Legas.

A ƙarƙashin rumfa

Bayan hantsi muka zauna, lokacin da hayaniyar safe ta lafa, a kan benci, ƙamshin albasa na shiga ido. Da farko akawu muka sa ya zama kwamfuta. Bai yi minti biyar ba muka sauke shi, domin da kawunsa ya ɗan yi jim sai ya ce, "Kawu, nan za ku taɓa." Kwamfuta ba ta magana, ba ta nuni da baki. Abokina ya karɓa, shi da ma ba mai yawan surutu ba ne.

Aikin da na ba kowa iri ɗaya ne: an sauke wa wane buhu 120, an sayar da 80, ku nuna mini nawa za a tura masa yau.

Hanya ta farko ta mutu nan take. Alhaji ya ɗora yatsa a kan layin mutumin, yadda yake yi a littafi, ya ja takarda hagu. Sunan ya ɓace a bayan kwali, yatsa ya ɗan zame, ya karanto kuɗin mutumin da ke ƙasa. Dillali na biyu ma haka ya yi. Kuɗin wani a tura wa wani, ai ba ƙaramin tashin hankali ba ne a wannan sana'a da amana ce jarinta. Abokina ya ce ana iya kafe gidan suna ya tsaya cik, sauran su riƙa motsi. Muka gwada da salatif, sai sunan ya cinye kusan rabin tagar, gida ɗaya tak ke wucewa a lokaci guda. Muka ajiye ta.

Hanya ta biyu ba ta fi ba. A cikin dillalan uku babu wanda ya taɓa alamar layi uku. Ɗaya ya ɗauka na soke wani rubutu ne. Da muka cire alamar muka rubuta "Sauran bayani", sai aka fara taɓawa. Yaran shago kuwa sun gane ta tun kallon farko, abin da ke nuna cewa da da su kaɗai muka yi gwaji, da mun tafi da murna a banza.

Kati ne ya yi aiki, kuma a nan ne abin da ya fi komai muhimmanci ya faru. Na jera tsirin yadda suke a littafi, suna a sama, saura a can ƙasa, wanda sai an ja takarda kafin a gan shi. Alhaji ya duba, ya ja, ya koma sama, sai ya miƙa hannu ya ɓamɓare salatif ɗin da kansa. Mutumin da ya ce mu ne masana. Ya ɗauko tsirin saura ya manna shi a ƙarƙashin suna, ya biyo da yawan buhu, ya tura ranar isowa ƙasa. Sannan ya ɗauki tsirin la'ada, ya ninke, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Na ce, "Baba Alhaji, wannan fa?" Ya ce, "Ɗana, wayar nan juya ta nake yi in nuna wa direba, in nuna wa mai saye, ga 'yan dako a kaina. La'ada tsakanina da mai kaya ce."

Babu wata tambaya da na tanada da za ta fito da wannan. A tunanina waya ƙaramar kwamfuta ce. A wurinsa waya abu ce da ake riƙewa a bainar jama'a, laftof kuma abin cikin ɗaki ne. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce faɗi.

A kan wannan muka yi saɓani da abokina, kuma shi ya fi ni gaskiya. Ni na ce to a cire la'ada daga ƙaramar fuska gaba ɗaya, ta fito a babba kawai. Shi ya ce faɗin fuska ba ya gaya maka wanda ke kallo. Ranar da aka ɗauke wuta laftof ya mutu, akawu a waya zai yi aikin dare, kuma yana buƙatar la'ada. Duk bayanin da ke babbar fuska dole a iya kai wa gare shi a ƙarama, ko da tsarin ya bambanta. Muka yanko 'yar takarda, muka zana taurari huɗu da alamar ido, muka rufe adadin da ita. Alhaji ya gane nan da nan, domin haka manhajar bankinsa ke ɓoye kuɗin asusu. Ya zaro tsirin daga aljihu ya mayar.

Kalmar "Saura" ma ta ba mu kunya. Dillali ɗaya ya karanta ta a matsayin sauran buhu, wani sauran kuɗi. A littafi ba a samun ruɗani saboda akawu ya san gidan da yake nufi. Muka raba ta biyu: "Buhun da ya rage" da "Kuɗin mai kaya". Gyara mai sauƙi, sai dai ya jawo wani abu, domin kalma ɗaya ta zama uku ko huɗu, kuma kowace na neman wuri.

Gwajin da ya fi ba mutane dariya shi ne na dangwale. Na aro tawadar sitamfi a wurin akawu, na ce kowa ya dangwala babban yatsa ya danna maɓallin "An biya", yana riƙe da kwalin da hannu ɗaya. Wani ya ce ashe zaɓe aka zo yi. Shawarar Google ga masu gina manhajar Android ita ce wurin taɓawa kada ya gaza awo 48 a tsaye da kwance, wato kusan milimita 9, Apple kuma ta ce 44 da nata awon. Nawa maɓallan sun cika wannan ƙa'ida. Amma na jera "An biya" da "Goge" kafaɗa da kafaɗa, kuma tambarin yatsan mutum biyu ya hau duka biyun. Muka kai "Goge" can cikin sauran bayani, muka bar "An biya" shi kaɗai a ƙasan kati, inda yatsa ke kaiwa ba tare da an sauya riƙo ba. Haka kuma da abokina ya ɗora takardar da ke wakiltar madannan rubutu, ta rufe kusan rabin tagar har da maɓallin "Ajiye". Mun kuma lura Alhaji 45 yake rubutawa in yana nufin dubu 45, sai muka sa adadin ya riƙa fitowa da kalmomi a ƙasa kafin a ajiye.

Masu kaya ba su ɗauke mu lokaci ba. Ba ruwansu da jerin katuna, nasu kawai suke nema, da manyan lambobi. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, ba ya karanta boko, ajami yake karantawa, amma ya san lambobi sarai. Da lambar mota da rana ya gane katinsa, sai muka ɗaga su sama a shafin masu kaya.

Inda kati ke komawa jadawali

Saura tambayar da mai kod ke jira: a wane faɗi tsari zai sauya? A nan littafin gida-gida ya yi amfani. Muka ɗauki kowane gida a matsayin fiksel 20, fiksel kuwa shi ne ɗigon da ake auna faɗin fuskar na'ura da shi. Yawancin wayoyin Android kan nuna wa burauza faɗin fiksel 360 ko sama da haka kaɗan, wato gida 18. Laftof ɗin akawu 1366 ne, kusan gida 68, sai da muka manna shafi biyu. Muka yanka kwali biyu masu siffar kusurwa, muka haɗa su suka zama taga mai buɗewa, muna ja a hankali muna duban inda abu zai lalace.

Bootstrap, kayan ginin shafi da abokina ya saba da shi, yana zuwa da matakansa na faɗin da tsari ke sauyawa, irin su fiksel 576, 768, 992, 1200. Da mun bi al'ada, a 768 za a dawo da jadawali. Amma a wannan faɗi, kusan gida 38 a littafin, kanun Hausa ba su shiga ba. "Kuɗin mota da dako" ya karye layi uku, adadin miliyoyi da waƙafinsu suna gogar juna, ga shi gidajen jadawalin sun zama takwas tun da muka raba saura. Sai a wajen gida 45, fiksel 900, jadawalin ya numfasa. Kati biyu kuma suna zama gefe da gefe tun daga gida 30. Don haka matakanmu suka zama 600 da 900, ba don wata na'ura ba, sai don tsawon kalmominmu da yawan sifirin naira. A ganina wannan rabin awa da muka yi muna jan kwali ya fi duk sauran aikin rage wa mai kod wahala.

Akawu a nasa ɓangaren ya roƙi abu biyu da waya ba ta buƙata: jimilla a ƙasan kowane gida, da hanyar bugawa a takarda. Muka ba shi.

Abin da takarda ta kasa gani

Kwana biyu na kasuwa gwajin ya ci, sai mako uku na kod. Ranar da muka kai shafin na gaskiya, abu huɗu suka fito da babu wanda takarda ta nuna. Rubutun toka-toka da na zaɓa don ƙananan bayanai ya ɓace a hasken ranar Legas, sai an kare fuskar waya da hannu. Salon haruffan da na ɗauko ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salo, suka fito a karkace kamar baƙi a tsakiyar kalma, a wata tsohuwar waya ma akwati suka zama. Nauyin shafin ya sa yana jan ƙafa in sabis ya yi rauni, alhali kwamfutarmu ta takarda ba ta taɓa jinkiri ba. Na huɗu shi ya fi ba ni haushi, domin na ga alamarsa tun ranar farko da Alhaji ya nisanta waya da idonsa: ya sa an ƙara masa girman rubutun wayar, kuma da wannan girman adadin kuɗi ya tsallake bakin kati. Na auna fuskar wayarsa da rula, ban taɓa kunna ta na duba ba.

Duka huɗun mun gyara su a cikin kwana uku, kuma babu wanda ya taɓa ƙashin bayan tsarin. Jerin da Alhaji ya manna da hannunsa yana nan yadda ya bar shi. Littafin mai bangon kwali ma yana nan, Alhaji ya ce sai sun yi kaka ɗaya tare da shafin ya ga ko za su saɓa.

Batun ajami ne ba mu warware ba. Rubutu ne da ke tafiya daga dama zuwa hagu, don haka ba sauya kalmomi kawai ba ne, katin duka sai ya juya, suna ya koma dama, adadi hagu, kuma sai an sami salon haruffa da ke ɗauke da wasullan Hausa daidai. Tsirin nan suna cikin ambulan a durowar akawu. Wani malamin allo a Agege ya rubuta mana sababbin kanu da tawada, mun yanka su, muna jiran motar dattijon nan ta sake saukowa.